Kwalabe Uku a Ɗamarar Gwaggo

Ban samu Gwaggo da rai ba, ban samu wankanta ba. Lokacin da ɗan kabu-kabu ya aje ni ƙofar gidan Baba, a ƙauyenmu da ke bayan Attantané, maza sun riga sun sallace ta ƙarƙashin itacen bedi. Tun da hantsi aka kira ni a Tasawa, na bar rigar mutane a bakin allurar keken ɗinki na fito, amma taksi ya tsaya jiran cika, rairayi kuma ya riƙe babur har sau biyu. Abin da na gani nata kawai shi ne makara a kafaɗun mutane tana ficewa. Na kira ta da ƙarfi kamar za ta juyo, mata suka riƙe ni suka shigar da ni cikin gida.

Tsakar gida cike take. Kowa na kuka, kuma kowa na da abin faɗi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta share hanci ta ce, "Allah ya jiƙan mai kwalabe. Shekara goma sha ba ta bar mu mun sha nono da kwanciyar rai ba." Aka yi dariya cikin hawaye. Matar liman ta ce ita ba ta taɓa ganin macen da ke wanke hannu kamar za ta fiɗe fatar ba. Can gefe, kusa da turken awaki, wata Bafulatana da ta tako da ƙafa tun daga rugarsu ta zauna ta rufe fuska da mayafi, tana ta kuka. Baba kuwa, ƙanin marigayiyar, da ya dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa da ka.

Ina cikin wannan sai tsohuwar da ta yi mata wanka ta yafuto ni zuwa ɗakin Gwaggo. Ta ɗauko faifai ta aje gabana. Kwalabe uku ne a kai, sirara kamar ɗan yatsa, kowace da toshiyarta, kowace da madara a ciki. A gefe kuma ga zare uku a yanke: fari, ja, baƙi.

Ta ce, "Ga su nan, ɗiyata. A cikinta muka same su, ɗaure cikin ɗamara. Mun zaci layu ne, shi ya sa muka yanke zaren muka aje gefe. Ba a kai mutum kabari da ɗauri."

Na ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya wajen hasken ƙofa. Biyu shuɗi ne tun daga ƙasa har sama, da ɗan farin mai a kansu. Ta ukun kuwa madarar ta koma fara, shuɗin duk ya tattaru a sama ya yi zobe. Na san wannan zoben tun ina yarinya.

Na ce, "Iya, wane zare ke jikin wagga?"

Ta dube ni kamar na yi mata Faransanci. "Wa ya duba? Gawa ke gabanmu."

Wayyo ni. Zaren nan ni na ba ta shi daga shagona. Fari na saniyar Baba ne da muke kira Fara, baƙi na Baƙa, ja kuma na Ja, saniyata, wadda na ba ɗiyata ranar aurenta. Ɗaya cikin ukun nan madararta na ɗauke da ciwon da makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari, mai sa mutum zazzaɓin da ke tafiya ya dawo. Ɗiyata na bayan ɗakin nan kwance, da ciki wata biyar, bayan ta yi ɓari sau biyu, kuma safe da yamma kofi guda na ɗanyar madara take sha. Mutum ɗaya ce a duk ƙasar nan ta san wace saniya ce, an kuma rufe ta yanzun nan.

Bari in faɗi ko wace ce ita, don kada gobe a tuna ta da sunan mai kwalabe kawai.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita kaɗai aka kai lakwal, makarantar boko, a gidansu, kuma ba don so ba, an ce a ba da yaro ɗaya ne kakanmu ya ƙi ba da namiji ya tura ta. Ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar labo, ɗakin gwaje-gwaje, a ma'aikatar dabbobi. Ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ina da shekara huɗu Baba ya ba ta ni riƙo, a hannunta na girma, ita ta aurar da ni. Duk abin da na iya na tsabta da tsiwa, wajenta na ɗauko.

Na tuna ranar da ta fara shigar da ni ɗakin aikinta a Maradi. Ta sa ni wanke hannu sau biyu, ta buɗe wani akwatin ƙarfe mai ɗumi ta fiddo ɗan faranti na gilashi, cikinsa wani abu kamar kunun da ya daskare. Ta ce jiya ta shafa ɗigon madara a kai, ba a ganin komi. Yau kuwa ga ɗige-ɗige sun fito, wasu farare, wasu rawaya. Ta ce, "Kowane ɗigo da kike gani, jiya ƙwaya ɗaya ce. Yau gari guda ce." Ta ƙirga su da alƙalami ta bayan gilashin, ta lakato ɗaya ta shafa a wani gilashi, ta rina shi, ta wanke, ta sake rinawa, ta ce in leƙa madubinta na ganin ƙwayoyin cuta. Na ga 'yan sanduna jajaye da 'yan ƙwallaye masu ruwan kunkumadi, wato shunayya, birjik. Kwana uku na ƙi shan fura. Ta yi ta yi mini dariya, ta ce ba ƙin sha ta koya mini ba, tafasawa ta koya mini.

Maganarta guda ce, har ta ishi kowa: "Madara fara ce ko da lafiya ko babu." In ka ce mata ai ka sansana ba wari, ta ce hancinka bai je lakwal ba. In ka ce ai ya yi tsami, tsami na kashe komi, ta ce, "Tsami ba wuta ba ne."

Da ta aje aiki ta dawo ƙauye gidan Baba, kowa ya ce to, kwalabe sun ƙare. Ina! Ƙauyen ba kuran, wato lantarki, ba akwatin ɗumi, ba faranti. Ta zauna ta yi tunani, ta zo shagona a Tasawa ta ce in ɗinka mata ɗamara mai aljihu shida, sirara, daidai kwalba. Na ce ta mi? Ta ce ɗumin da akwatin nan ke bayarwa ai ɗumin jikin mutum ne, ba ƙari ba ragi. Tun da Allah ya ba ta ciki, kuma ba kowa a cikinsa, sai ta sa shi aiki. Ita ta faɗi haka da bakinta tana dariya. Na ɗinka mata da ragowar shadda, na yi mata maɗauri biyu.

Daga nan Gwaggo ta zama abin kallo. Ran kasuwar Attantané za ta bi layin masu madara da sassafe, ta ɗebi kaɗan daga wannan ƙwarya, kaɗan daga waccan, ta ɗiga wani shuɗi kamar bula, ta toshe, ta zura cikin ɗamara ta rufe da zane. Sai ta ci gaba da cefanenta tana duba agogo. Madarar da ke da tsabta tana riƙe shuɗinta har azahar. Wadda ƙwayoyi suka cika kuwa, kafin rana ta yi zafi sun shanye shuɗin ta koma fara. Masu madara in sun hango ta sai su ja faifai su rufe ƙwarya, wata ma ta ɗauke kayanta ta koma bayan masu gishiri. Yatsunta kullum shuɗi ne, har yara kan ce ta yi aiki a marina.

Amma ba ta taɓa tozarta kowa a kasuwa ba. Bafulatanar nan da ke kuka kusa da turken awaki, madararta ce ta koma fara cikin rabin awa, mako uku a jere. Gwaggo ba ta ce komi gaban mutane ba. Ta jira kasuwa ta watse ta bi ta har ruga, a ƙafa, da tsufanta. Ta duba shanun ba ta ga komi ba, ta duba ƙoren ba ta ga komi ba, sai da ta ga tsumman da ake tace madarar, wanda ake wankewa da ruwan tafki a shanya kan ƙaya. Ta kwana biyu a rugar tana dafa tsumma da ƙore da ruwan zafi, ta cire ɗankwalinta sabo ta yaga biyu ta ba ta. A shekarar nan yaran matar suka daina gudawar da ta riga ta ɗauke mata ɗa guda. Ban san wannan labarin ba sai ranar rasuwa, da yamma, da matar ta iya buɗe baki.

Tsakaninta da Baba kuwa, faɗansu ɗaya ne, kuma ya girme ni. Baba ya gada daga kakanni cewa in aka ɗora madarar saniya a wuta, hantsarta ke ƙonewa, ta ƙafe. Ya yarda da wannan kamar yadda ya yarda da sunansa. Gwaggo ta ce, "Saniya na daji tana kiwo, wa ya tahi ya gaya mata an ɗora tukunya?" Shi kuma ya ce, "Yaya, ke kin yi boko, ni na yi shanu." Ita takan tafasa nata kofin a ɗakinta kan ɗan murhun gawayi, shi kuma ya yi kamar bai ji ƙamshin ba. Haka suka zauna, suna cin tuwo kwano ɗaya.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa.

Ɗiyata na aure a wani ƙauye kusa, ta wajen garin Sarkin Hausa. Da na aurar da ita na ba ta Ja, saniyar da na samu da gumin keken ɗinki, aka bar ta a garken Baba, kowace safiya ana kai mata madararta. Ni na ce a yi haka. Ina son ɗiyata ta yi jiki, a san uwarta ba ta tura ta hannu sake ba. Cikin farko ya zube a wata huɗu. Na biyu ya kai wata biyar. Tsakaninsu kuma zazzaɓi, ya zo da yamma, ta jiƙa zane da gumi, gaɓoɓi su yi ta ciwo, a ba ta maganin palu, zazzaɓin sauro, ya lafa, bayan sati biyu ya dawo. Da ta samu na uku na ce a dawo da ita gidan Baba ta huta, kusa da madara.

Watanni biyu kafin rasuwarta Gwaggo ta zo Tasawa takanas. Ta zauna kan bencin shagona, ba ta ko sha ruwa ba, ta ce, "Ɗiyata, Ja ta yar da maraƙi bara. Gwiwarta ta dama da kumburi. Yarinyar nan ba palu ke damunta ba. Ki kai ta a ɗebi jininta a nemi bakkale, kuma a raba ta da ɗanyar madara."

Na ce Fara ma ai ta taɓa ɓari. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa za ta gwada su duka, ta aika wa wani tsohon abokin aikinta ya turo mata ruwan gwajin. Amma kafin ya iso a tafasa.

Raina ya ɓaci. Ina jin kamar cewa take ni na zubar da jikokina da hannuna. Akwai mata biyu a shagon suna jiran ɗinki, sun kasa kunne. Na aje almakashi na ce, "Gwaggo, ki bar mu da kwalabenki. Wadda ba ta taɓa ɗaukar komi a ciki ba sai kwalba, mi ta sani game da ɓari?"

Na faɗa. Da bakin nan nawa na faɗa, ga matar da ta goya ni, ta yi mini tsarki, ta sayar da awarwaronta ta saya mini keke. Ta dubi yatsunta, ta tashi, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ba ni zare. Fari, ja, baƙi." Na yanko na miƙa mata ban dubi fuskarta ba. Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Kullum ina cewa ran Juma'a zan je in ba ta haƙuri, Juma'a takwas suka wuce.

Ruwan gwajin ya iso makon da ta rasu. Ɗiyata ta ba ni labari: Gwaggo ta kai 'yar kwalbar gidan likitar Attantané aka aje mata wajen sanyi, cikin firigon allurai. Ran Laraba ta tatsi shanun uku da kanta, ta aje madarar gindin randa ta kwana, domin wannan gwajin ba ya son madarar da aka tatsa yanzu. Ran Alhamis da sassafe ta aika aka karɓo ruwan, ta ɗiga, ta mayar da sauran, ta ɗaura ɗamara, ta yi shara, ta zauna jingine da rumbu tana duba agogo. Ɗiyata ta kawo mata koko, Gwaggo ta ce, "Ƙawata, aje nan, saura minti goma." Da ta dawo ɗaukar kwanon, kokon na nan yadda ta aje shi.

Ranar rasuwar da yamma na ƙwace kofin madara daga hannun ɗiyata na watsar. Ran Juma'a da safe na tari Baba a garke kafin a fara tatsa. Gobe sadakar uku, za a dama fura da nonon shanun nan a ba duk wanda ya zo, masu ciki da masu goyo da yara. Na nuna mishi kwalbar mai zobe, na ce a tafasa madarar kafin a zuba ta ta kwana.

Ya ce, "Yayata na kabari kwana ɗaya, ki ce in ƙone hantsar shanu uku?"

"Baba, ɗaya cikinsu na kashe mini jikoki."

"Wace?"

"Ban sani ba."

"To kwalbar da ba ta da suna ba ta sa ni ɗora tukunya. Nuna mini wace ce."

Na durƙusa cikin kashin shanu na riƙe ƙafarsa. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba a Tasawa, na yi kuka har majina. Na ce ko ba zai tafasa ba, ya bari kowace saniya a zuba nata a ƙwarya dabam, kada a haɗa. Ya daɗe yana kallon Fara. Na gane abin da ke ransa: tsoro yake kada a ce tasa ce, kamar yadda nake tsoro kada a ce tawa ce. Can ya ce, "A raba." Ya juya ya bar garken.

Na tatsi ukun da hannuna. Na wanke kwalaben Gwaggo da tafasasshen ruwa sau biyu, na ɗebi kaɗan daga kowace saniya, na ɗaura zaren tun madarar na da ɗumi, ƙulli uku-uku, na aje gindin randarta. Daga nan na hau babur zuwa Attantané. Majo, babban ma'aikacin jinyar gidan likitar, ya buɗe firigo ya nuna mini kwalbar. Innalillahi! Ɗan abin da ya rage a gindinta bai kai hawayen ido ɗaya ba. Na tambaye shi ko ya iya wannan gwajin, ya ce shi na mutane ya karanta. Na kira lambar tsohon abokin aikinta da na samu a littafinta, wayar a kashe. Na tsaya bakin gidan likitar ina juya kwalbar a rana, ina ƙoƙarin tuna abin da na gani tun ina yarinya. Ɗigo ɗaya ne ko biyu? A girgiza ko a juya a hankali? In ɗigo ya faɗi ƙasa, shi ke nan, sai a jira wata guda ko biyu, kuma Baba ba zai jira ba, cikin ɗiyata ma ba zai jira ba. A watan nan na biyar ne cikinta na biyu ya zube.

Na buɗe littafin nata na bi shafi-shafi. Duk Faransanci ne da lambobi, ni kuwa lakwal ɗina aji huɗu ne. Amma a shafin ƙarshe ta yi rubutu da Hausa, manyan baƙaƙe, irin wanda take yi mini in za ta aike ni kasuwa. Ɗigo ɗaya. A juya sau uku, kada a yi kumfa. Awa ɗaya a jiki, a tsaye. In shuɗi ya hau sama ya yi zobe, akwai. Ba ta rubuta sunan kowa ba, amma a duk gidan nan ni kaɗai ke karanta boko. Ta san ranar na zuwa, ta kuma san wadda ta zage ta ce za ta buɗe littafin.

Ran Asabar da sassafe na koma na karɓo kwalbar, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kafin in iso gida ya fara cika. Mata na daka gero, ƙore uku na nono na jere a inuwa, kowace da faifanta. Na shiga ɗakin Gwaggo na rufe ƙofa. Na yi bisimilla na matsa ɗigo na farko cikin mai farin zare, ya faɗa. Na biyu cikin mai baƙi. Na ukun ya tsaya a bakin kwalbar ya ƙi saukowa, ina kallonsa ina cewa ya Allah, ya Allah, har ya sako. Bayansa ba sauran komi. Na juya kowace sau uku, na ɗauko ɗamarar daga kan gadonta. Har yanzu da ƙamshin sabulunta. Na ɗaura a cikina, maɗaurin ya zo daidai inda ta saba ƙullawa, na rufe da zane, na ɗaura agogonta a hannu.

Sai na fito na zauna kan tabarmar makoki, domin ni ce ɗiyarta, ni ake yi wa gaisuwa. Ban taɓa ganin awa mai tsawon wannan ba. Mata na zuwa suna durƙusawa, "Ya haƙuri?" ina cewa haƙuri sai ma'aiki, ina zaune tsaye kamar an dasa ni, don kada kwalba ta karkata. Wata ta rungume ni na ture ta, ta tafi tana cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai. Ina jin sanyin gilashin a fatata, sannu a hankali ya yi ɗumi har na daina jinsa. Haka Gwaggo ta yi ta yawo shekara goma sha, da lafiyar 'ya'yan mutane ɗaure a cikinta, muna yi mata dariya. Mai dama fura ta zo ta ce a ba ta nono, rana na yi. Na ce ta jira. Ta ce malamai sun taru. Na ce ko Sarkin Musulmi ne ya taru ya jira minti ashirin.

Allah ya gani, a cikin awar nan na yi addu'ar da ba ta dace ba. Na roƙa ya zama Fara ce, ko Baƙa.

Da lokaci ya cika na aika a kira Baba cikin gida. Ya zo ya tsaya bakin ɗakin yayarsa, ɗiyata na zaune kan gadon da hannu a ciki. Na kwance ɗamarar na fiddo su. Farin zare, shuɗi har ƙasa. Baƙin zare, shuɗi har ƙasa. Na ɗaga ta ukun wajen haske. Madara fara tas, zobe a sama, jan zarena na lilo a wuyanta.

Ɗiyata ta ce, "Inna, wace ce?"

Na ce, "Tawa ce. Wadda na ba ki."

Baba ya karɓi kwalbar ya kai ta kusa da idonsa, ya daɗe. Ya fita ya ɗauki ƙwaryar nonon Ja da hannunsa, ya zaga bayan rumbu ya haƙa rami ya juye ya rufe. Da ya dawo ya tarar da madarar safiyar nan, ta Fara da ta Baƙa, a cikin bokiti. Ya tsaya a kanta. Mata sun daina daka suna kallonsa. Ya ɗauko tukunya ya juye, ya ɗora kan murhun da aka dafa gero, ya durƙusa da tsufansa yana hura wutar. Hayaƙi ya shiga idonsa, bai share ba. Ya ce, ba da kowa ba, "To, Yaya. Ga ta nan a wuta."

Ban tsaya an shafa fatiha ba. Na sa ɗiyata a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota zuwa Maradi. An ɗebi jininta, na faɗa musu sunan ciwon da kaina kamar yadda Gwaggo ta faɗa mini a shago. Shi ne. Likita ta tambaye ni tun yaushe take zazzaɓin, na faɗa, ta ce mi ya sa ba a kawo ta da wuri ba.

Yau kwana ashirin da shida muna nan. An ware Ja daga garke, ma'aikatan dabbobi sun zo sun gan ta, ba na tambayar abin da za a yi da ita. Ɗiyata na shan magani, zazzaɓin ya sauka, cikin ya shiga wata na shida. Likita ba ta ce ya tsira ba, ta ce a yi ta addu'a. Ina zaune a barandar ɗakin masu ciki ina rubuta wannan a sauran shafukan littafin Gwaggo, da Hausata ta aji huɗu, don in an tashi faɗin ko wace ce ita a samu a rubuce. Wata biyu kafin ta mutu ta ce a tafasa. Wata biyun nan ni na ci su, kuma ba wanda zai maido mini su.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka haskaka kabarinta, ka ba ta 'ya'ya a can tun da a nan ta yi renon na mutane. Ka gaya mata na karanta shafin.

Ɗazu ɗiyata ta kira ni ta ce in kawo hannuna. Ta ɗora shi a cikinta, na ji motsi, ƙarami, sau biyu. Hannunta kuma ya taɓa ƙuguna ta ji ƙullin ɗamarar Gwaggo, da na mayar tun ranar sadaka, a ƙarƙashin zane. Ta ce, "Inna, har yanzu ba ki kwance ta ba? Ai ba komi a ciki."

Na ce na sani. Sai ta haihu zan kwance.